Ƙwaryar Ƙarfe a Telen Susana

Saura ƙiris in bar wannan labari ya mutu a cikina. Na yi ta ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ba ni da zurfin karatu, kuma mai labarin ba ta son a riƙa nuna ta da baki a kasuwa. Amma ya ƙi barina in huta, shi ya sa ga shi.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Habiba tana zaune a Madarumfa tare da gwaggonta Maimuna, su biyu kaɗai a gida. Gwaggon ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Yanzu riƙon ya juya. Farar yana ta rufe idanun tsohuwa, ba ta bambance komai sai hasken rana da duhun ɗaki. Habiba ce ɗebo ruwa, ita ce daka, ita ce ban ruwan ɗan lambun zogale da albasa da marigayi mijin Gwaggo ya bari a bakin tabki. Tun da asuba take saɓa arozuwar biyu, bokitan ban ruwan nan masu dogon baki, ta gangara ta ciko, ta hauro ta zuba, har sai kafaɗunta sun daina jin nasu ne.

Amma ba lambun ne ya fi gajiyar da ita ba. Kwanon tuwo ne.

Gwaggo tana da ɗiya guda, Binta, wadda mijinta ya tafi da ita Legas shekarun baya. A shekarar farko an aiko da turmin atamfa da gaisuwa. Daga nan shiru. Duk mai dawowa daga cin rani sai Gwaggo ta sa a kira mata shi ta tambaya, kowa ya ce Legas ba unguwa ba ce da za a haɗu da mutum a hanya. Da idanu suka rufe, sai ta bar tambaya. Daga baya ta bar ci. Habiba za ta ajiye kwano da zafinsa, ta dawo ta ɗauke shi da sanyinsa, an lakaci gefe ɗaya kamar kaza ta taɓa.

Maƙwabcinsu Filimon, Kirista ne mai aiki a gidan likita, ya shigo ya duba ta. Da ya fito tsakar gida ya rage murya.

"Habiba, ba ciwon allura ba ne wannan. Jikinta lafiya lau. Amma in ta ci gaba da ture kwano haka, ba na jin za ta ga damina."

Habiba ta sunkuyar da kai. Ba ta iya magana da maza ba, ko da waɗanda suka san ta tun tana yawo ba ɗankwali. Ta ce to, kawai.

Matar Filimon, Susana, ita ce ba ta san ta bari ba. Suna da akwatin tele, wato talabijin, baƙi da fari mai aiki da batirin mota, wanda ake aikawa Maraɗi a cika shi. Duk Asabar bayan magariba matan unguwa da yara sukan cika tabarmin tsakar gidanta. Wata Asabar ta shigo ta kama hannun Gwaggo.

"Inna, tashi mu tahi ki yi kallo."

"Da wane idon, ɗiyar nan?"

"Da kunne. Kunnen ma kin ba da aro?"

Haka ta ja ta, Habiba na biye da tabarma.

A daren aka fara wani sabon shiri. Filimon yana shirin fita aiki, ya tsaya ya leƙa. Ya ce tatsuniyar yaran Turawa ce, tsohuwa, ta cikin littafi, yanzu aka sabunta ta aka sa mata injuna da taurari. Ya ɗauki fitilarsa ya fita, ya bar su da mutanen cikin akwati suna zuba Faransanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Susana karatun Hausa kaɗai ta yi a majami'arsu. Sauran matan ko wannan babu.

Zuwaira mai ƙosai, wadda bakinta ba ya kwana da magana a ciki, ta juyo.

"To Madam Habiba, ke da kinka yi lakwal, mi suke cewa? Ko allin banza kinka ci?"

Aka yi dariya. Habiba ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Shekara uku kawai ta yi a lakwal, makarantar boko. Abin da ya rage mata bai wuce gaisuwa da ƙirga da 'yar waƙar shiga aji ba.

Gwaggo ta laluba sandarta. "Mai da ni gida, Habi. Ƙara kawai nike ji."

A lokacin ne Habiba ta ɗaga kai ta dubi akwatin sosai. Wata yarinya ce sanye da riga mai ƙyalli kamar murfin tukunya. Gidansu na ƙarƙashin wani rufi na gilashi, a ƙasar da babu itace ko ɗaya. Uwarta na cikin gidan da jariri a hannu. Yarinyar na waje tana goge wani abu na ƙarfe, kewayayye, kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya. Sai abin ya kuɓuce mata ya fara tashi. Ta bi shi da gudu, ta kama, ta faɗa ciki, ya yi sama da ita.

Habiba ta matsa gaba. Ta san wannan. Tatsuniyar da Gwaggo ke ba su ce, ita da Binta, suna kwance a tabarma ɗaya: yarinyar da ta je wanke ƙwaryar uwarta a gulbi, ruwa ya ja ƙwaryar, ta bi ta har garin da ke ƙarƙashin ruwa.

Ta ce a hankali, "Ƙwaryar uwarta ce ta kuɓuce."

Gwaggo ta saki sandar. "Ruwa ya ja ta?"

"A'a, Gwaggo. Sama ta ja ta."

"Sama," in ji tsohuwa. Ta gyara zama. "To. Ta bi ta?"

"Ta bi ta."

Daga nan bakin Habiba ya buɗe. Ba ta jin kalma ɗaya daga abin da ake faɗi. Hoto take kallo, tana ɗora masa tatsuniyar da ta sani. Da suka koma gida, Gwaggo ta ce a miƙo mata sauran tuwon rana. Ta ci loma uku ko huɗu. Habiba ta tsaya a bakin ƙofa tana jin ƙarar haɗiya kamar ana mata kiɗa.

Asabar ta gaba, ƙwaryar ƙarfe ta sauka a wata ƙasa mai duwatsu. Yarinyar ta tarar da wata halitta ta ƙarfe, ta ranƙwafa, duk ta yi tsatsa, tana magana ƙiiƙii.

"Tsohuwar bakin hanya ce," in ji Habiba. "Yanzu za ta ce a cuɗa mata baya."

Ba ta rufe baki ba yarinyar ta ɗauko tsumma da gwangwanin mai, ta zagaya bayan halittar ta shiga gogewa. Tsakar gida ta ɗauki salati. Zuwaira ta tafa hannu.

"Wallahi lakwal gaskiya ce! Madam, na tuba. Gobe ƙosanki kyauta, amma guda biyu, kar ki saba."

Haka aka yi ta tafiya. Inda hoto ya bi hanyar tatsuniya, Habiba ta bi shi. Inda ya kauce, ta yi masa faci. Da aka nuno wasu masu kai kamar tulu suna harbi da bindigogin haske, ta ce dogaran sarkin sama ne, suna fushi an shigo gari ba sallama. Da yarinyar ta yi ta danna maɓallai tana gumi, ta ce gero da yashi aka haɗa mata aka ce ta rarrabe. Babu mai musu. Gwaggo ma har gyara take yi.

"Ba ta ci abincinsu ba dai ko? Kar ta ci. Wanda ya ci na can ba ya komowa."

"Ba ta ci ba, Gwaggo."

"Madalla. Ɗiyar na da hankali."

Tun ana ci ranar Asabar kaɗai, har aka koma ci ranar Juma'a don a samu ƙarfin zuwa, da Lahadi don a samu ƙarfin maimaita labari. Tsohuwa ta soma neman ruwan wanka da kanta. Wata rana kuma, Habiba na tankaɗe, ta ji ta ce, "Jiya Binta ina ta kwana? Wajen masu kan tulu?" Habiba ta tsai da rariya. Ta jira ko tsohuwa za ta gyara sunan. Ba ta gyara ba. Daga ranar yarinyar cikin akwati ta zama Binta.

Akwai Asabar ɗin da Filimon bai je aiki ba. Ya zauna a kan turmi can baya, ya saurara daga farko har ƙarshe. Habiba na jin idonsa a ƙeyarta. Da aka watse, Susana ta yi gaba da Gwaggo, shi ya tsaya a zaure.

"Habiba, Faransancinki ya hi na masu telen daɗi."

Ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Ba tonon asiri zan yi ba. Tana ci?"

"Tana ci."

"To ci gaba. Amma ki yi hattara. Turawan yanzu ba kullum suke mai da yaro gida ba."

Wannan maganar ba ta shige ta ba. Wa ya taɓa jin tatsuniyar da aka bar yaro a daji aka tashi? Akan wahalar da shi, a tsorata shi, dodo ma ya haɗiye shi, amma kafin a rufe sai an fito da shi an miƙa wa uwarsa. Don haka ake ba yara ita kafin barci. A tasu tatsuniyar, yarinyar na fitowa daga ruwa da ƙwarya cike da murjani, ta tarar da uwarta a bakin ƙofa tana kaɗi. Shi ya sa duk lokacin da Gwaggo ta tambaya, "Za ta komo dai ko, Habi?" sai ta amsa ba tare da shakka ba, "Za ta komo. Kin hi ni sani."

Rani ya yi nisa. Ruwan tabki ya ja baya, tafiyar arozuwar ta ƙaru. Tafin hannun Habiba ya tsattsage, ƙugunta ya riƙe. Wani lokaci a gaban telen ma gyangyaɗi ke fizgarta, sai Zuwaira ta zungure ta da gwiwar hannu: "Madam, rediyonmu ya mutu!" A irin wannan gajiyar ne wani tunani kan zo mata, ta yi ta korarsa yana dawowa. Ana ta ci ana wanka saboda wadda ta tafi. Wadda ta zauna tana wanke kwano, ba a taɓa yi mata tatsuniya ba. Sai ta yi istigfari ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe, awakin wani suka karya shinge suka cinye rabin zogalen. Habiba ta wuni tana saran ƙaya tana toshewa. Ta dawo ta yi tuwo a tsaye. Gwaggo kuwa tun la'asar ta yi wanka, ta sa aka ciro mata atamfar nan ta Legas daga ƙasan adaka, ta ɗaura.

Tsakar gidan Susana ta cika har bakin zaure. Filimon na wurin aiki. Aka kunna.

Ƙwaryar ƙarfe ta ratso taurari, ta gangaro, ta sauka. Ƙofa ta buɗe. Yarinyar ta fito da gudu tana dariya, rungume da wani ƙaramin abu mai haske da ta samo a can.

"Ta sauka, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi."

Sai yarinyar ta tsaya. Rufin gilashin nan ya farfashe. Yashi ya cika ɗakuna har rabin ƙofa. Ta yi ta kira, ba amsa. Can wani tsoho ya fito daga wata bukka yana dogara sanda. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sandar ta faɗi. Ya ciro wani abin wuya daga ƙirjinsa ya nuna mata, irin wanda aka gani a wuyan jaririn nan ranar farko. Ita kuwa tana nan yarinyarta, da rigarta mai ƙyalli, ko tsawo ba ta ƙara ba. Ya kama hannunta ya kai ta bayan gida, wurin wani tudun ƙasa da aka kafa wa dutse.

Wannan bai bukaci Faransanci ba. Har yara sun bar motsi.

"Uwar tana bakin ƙofa?" in ji Gwaggo.

Susana ta matsa ƙafar Habiba tana girgiza kai. Zuwaira ta leƙo fuskarta, tana motsa leɓe ba sauti: ki ce sun gamu.

Habiba ta buɗe baki. Kalmomin na nan a shirye, ta san su tun tana ƙarama: bakin ƙofa, mazari, murjani, guɗa. Amma ta ji ba za ta iya ɗaga su ba. Sun yi mata nauyi kamar arozuwar ƙarshe ta yini, wadda kan sa mutum ya tsaya a tsakiyar hanya ya dire. In ta faɗe su yau, gobe da me za ta ciyar da tsohuwa? Shiri ya ƙare. Sai ta ƙago wani, ta kuma ƙago wani, ita kaɗai, har yaushe?

"Ba ta iske ta ba, Gwaggo."

"Ta tahi unguwa?"

"A'a. Can sama kwana kaɗan ta yi. Nan ƙasa shekaru sun wuce. Jaririn da ta bari ya tsuhwa. Uwar ta rasu. Kabarinta ake nuna mata."

"Haba Habiba!" in ji Zuwaira. "Allah ya shirye ki. Inna, kar ki biye mata, telen ne ba ya kamawa da kyau yau."

Gwaggo ta ɗaga hannu, Zuwaira ta yi shiru. Daga akwatin ana jin kukan yarinyar. Kuka ba shi da yare.

"Da ƙwaryar ta zo?"

"Da ita."

"Ita ɗiyar, ta san an daɗe haka?"

"Ba ta sani ba. A ganinta shekaranjiya ta hita."

Tsohuwa ta juya fararen idanunta inda sautin ke fitowa. Can ta ce, "Tashe ni."

Suka fito. Habiba na riƙe da kan sanda, Gwaggo na riƙe da gindinta. Ana kiran isha'i a masallacin unguwa. A gida Habiba ta miƙa kwano, tsohuwa ta ce a rufe shi. Habiba ta rufe. Ta ji a ranta cewa da bakinta ta rushe abin da ta yi watanni tana ginawa, kuma gajiya ta hana ta ko yin kuka.

Gwaggo ta yi salla a zaune. Ta laluba ƙofar ɗakinta, ta tsaya a nan, ba ta juyo ba.

"Ba haka uwata ta ba ni ita ba."

"Na sani, Gwaggo."

"Ni ma na san ba ki jin yarensu. Tawa kike ba ni, kin ɗaura mata sabon zane. Kin zaci ban gane ƙwaryata ba?"

Habiba ta sunkuyar da kai, tsohuwa ta ci gaba.

"Amma wannan ƙarshen ba ke kinka ƙaga ba. Ba ki da wannan mugunta." Ta yi ajiyar zuciya. "Ashe tana iya yiwuwa mutum na can yana ganin shekaranjiya ya hita."

Ta shafa atamfar da ke jikinta.

"Kwana dai na Allah ne. Amma in uwar nan da hannunta ta ture kwano, ba ta kyauta ba. Ɗiya ta sha wannan tahiya, ta zo da ƙwarya, a nuna mata tudun ƙasa."

Ta shige ɗaki. Tuwon ya kwana a rufe.

Da asuba Habiba ta hura wuta ta dama koko. Ta auna rabin ludayin da ta saba zuba wa tsohuwa a ranakun da ba a ci. Ta tsaya da ludayin a hannu, sannan ta cika kwanon har baki. Ta kai ta ajiye, ta fito ta shiga shara don kar ta tsaya saurare.

"Habi."

"Na'am."

"Wannan koko ne ko ruwan wanke ƙwarya? Gobe ki ƙara gasara. Ki zo ki ɗauke, ki karyo mini tuwon jiya ki ɗumama."

Kwanon ba komai a ciki. Habiba ta ɗumama tuwon ta kai mata. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta saɓa arozuwar. Amma ba ta gangara tabki ba tukuna. Ta bi ta tasha, inda ba ta taɓa tsayawa ba saboda yawan maza. Tanko direba, mai zuwa Jibiya, yana zuba wa motarsa ruwa. Ta tsaya nesa kaɗan har ya lura da ita.

"Ɗiyar gidan Maimuna ce? Lahiya?"

Muryarta ta fito ƙarama. Ta sake ɗagawa. Ta ce in ya haɗu da masu wucewa Legas, kowane ne, ya ba su saƙon baki: Binta ɗiyar Maimuna ta Madarumfa, uwarki na nan da ranta, tana jira, amma nan gida kwanaki gudu suke.

Tanko ya goge hannu a riga. "Kin san girman Legas kuwa?"

"An hwaɗa mini."

"To. Zan riƙa hwaɗi."

Ta ce ya maimaita mata saƙon. Ya maimaita, ya bar rabin ƙarshe, ta gyara masa. Sannan ta gyara zaman arozuwar a kafaɗa, ta gangara tabki, inda ruwa ya ƙara ja baya kaɗan, ta shiga har gwiwa ta fara ciko na farko.